Ja Ka Ajiye: Yadda Yara Suke Ba Kwamfuta Umarni da Tubala

Kwamfuta ta fara shiga makarantunmu na karkara. A wani wuri ƙungiyar iyaye da malamai ce ta saya, a wani wuri kuwa ɗan gari ne mai aiki a birni ya kawo tsohuwar tasa kyauta. Sau da yawa takan ƙare a ofishin hedimasta a lulluɓe da zane, domin ana tsoro kada yara su lalata ta. In an buɗe ta kuma, aikinta bai wuce buga takardun jarrabawa ko kallon fim ba. Haka kayan da aka sha wahala kafin a samu zai tsufa, yaranmu kuwa su gama makaranta ba su taɓa sa shi ya yi musu wani abu ba.

A wannan fitowa muna so mu bayyana wata hanya da yaro ɗan shekara takwas zai iya ba kwamfuta umarni, ko da bai iya buga rubutu ba tukuna. Ana kiranta ja ka ajiye. Mun rubuta wannan bayani domin iyaye, malaman makaranta da shugabannin matasa. Wanda ya gane ƙa'idodin da ke nan zai iya zama kusa da yara ya taimake su, ko da shi kansa bai yi karatun kwamfuta ba.

Mene ne ba kwamfuta umarni?

Kwamfuta ba ta yin kome sai abin da aka tsara mata. Wani ne yakan zauna ya jera mata umarni ɗaya bayan ɗaya: yi wannan, sa'an nan ki yi wancan, in kaza ya faru ki tsaya. Jerin umarnin nan shi ake kira manhaja. Hanyar da aka saba ita ce a rubuta shi da wasu harsuna na musamman masu cike da kalmomin Turanci da alamomi. In aka manta waƙafi ɗaya, ko aka sa babban harafi a wurin ƙarami, sai kwamfuta ta ƙi aiki. Sabon shiga yakan gaji da neman kuskuren rubutu tun bai kai ga abin da yake so ya yi ba.

Saboda haka masana suka fito da wata dabara. Suka mai da kowane umarni ya zama hoton tubali mai launi a fuskar kwamfuta, an riga an rubuta umarnin a jikinsa. Aikin yaro shi ne ya jawo tubali ya ɗora a ƙarƙashin wani, kamar yadda magini yake jera tubala. Akwai manhajoji da dama masu aiki haka. Wadda aka fi sani a duniya ita ce Scratch, da ita kuma za mu yi misali.

Daga ina ta fito?

A shekarar 1967 wani masanin lissafi mai suna Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, tare da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙirƙiro harshen kwamfuta domin yara a Amurka, mai suna Logo. Da shi yara suka riƙa ba wani ɗan kunkuru umarni ya yi gaba, ya juya, ya ja layi. Amma da rubutu ake ba da umarnin Logo. Daga baya Mitchel Resnick, wanda ya yi aiki tare da Papert a jami'ar MIT da ke jihar Masacuset, ya jagoranci ƙungiyar da ta yi Scratch. Sun ɗauki darasi daga kayan wasan nan na Lego, 'yan tubalan roba da ba sa haɗuwa sai ta inda haƙori ya dace da gurbi.

An fitar da Scratch ga jama'a a shekarar 2007. Tsari na biyu ya fito a 2013, na uku kuma a watan Janairu na 2019. An yi ta musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. A 2014 aka fitar da ƙanwarta, ScratchJr, domin 'yan shekara 5 zuwa 7, wadda tubalanta hotuna ne. Kamfanin Google ma ya fitar da tasa dabarar tubala mai suna Blockly a 2012, a kanta aka gina tubalan tsari na uku na Scratch. Don haka yaron da ya saba da ɗaya ba zai sha wuyar sauran ba.

Abubuwa uku ne suka sa ta dace da mu. Na fari, kyauta ce. Na biyu, akwai irin da ake sa wa kwamfuta ta yi aiki ba tare da intanet ba. Sau ɗaya za a sauko da ita a gari, a kawo a filash. Na uku, an fassara ta cikin harsuna fiye da 70, har da Hausa. Ana sauya harshe a can sama ta hannun hagu.

Abin da za ku gani in an buɗe ta

Fuskar tsari na uku ta kasu kashi uku. A hannun hagu akwai rumbun tubala. A tsakiya akwai farin fili, inda ake gini. A hannun dama ta sama akwai dandali, inda wata kyanwa mai ruwan lemo take tsaye. Kyanwar nan ita ce ɗan wasa na farko. Ana iya ƙara waɗansu, ƙananan hotunansu kuma sukan jeru a ƙarƙashin dandalin. A saman dandalin akwai koriyar tuta ta fara aiki, da jar alama ta tsayawa.

An raba tubalan rumbu gida tara, kowane gida da launinsa. Shuɗi na motsi ne. Shunayya na kamanni da magana. Ruwan hoda na sauti. Rawaya na abin da ke tayar da aiki. Ruwan lemo na maimaitawa da sharaɗi. Shuɗi mai haske na jin abin da ke faruwa, kamar taɓa bango. Kore na lissafi. Ruwan goro na ma'ajiyar lambobi da kalmomi. Gida na tara kuwa na tubalan da mutum ya ƙera da kansa ne. Launin nan yana da amfani ƙwarai, gama yaron da karatunsa bai yi ƙarfi ba yakan gane gida ta launi tun kafin ya karanta abin da ke rubuce.

Aikin hannu

Ana jan tubali da linzamin kwamfuta, wanda wasu ke kira maus. Matakai huɗu ne:

1. Kai kibiyar linzami bisa tubalin da kake so.
2. Danna maɓallin hagu, ka riƙe shi a danne.
3. Tura linzamin zuwa inda kake so, yatsa yana nan a danne.
4. Ɗaga yatsa. Tubalin zai zauna a wurin.

Mataki na uku ne ya fi ba sababbi wuya, manya da yara. Yatsa yakan ɗaga a hanya, tubali ya faɗi inda ba a nufa ba. Wannan ba ya ɓata kome, sai a sāke ɗaukarsa daga inda ya faɗi. In linzami ya kai bakin tebur, a ɗaga shi sama a mayar tsakiya ba tare da an saki maɓallin ba. Ja da tafin kwamfutar cinya ya fi wuya, saboda haka sayen linzami mai waya ba asara ba ce. A kan tabulet kuwa da yatsa ake ja kai tsaye.

A lura da bambancin dannawa da ja. In aka danna tubali sau ɗaya ba a motsa ba, sai ya yi aikinsa nan take, ko yana cikin rumbu ko yana fili. Ku danna shuɗin tubali mai cewa a yi taku 10, za ku ga kyanwa ta matsa kaɗan zuwa dama. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin aikin kowane tubali. Ku bar yara su gwada su ɗaya ɗaya.

Siffar tubali ita ce dokarsa

Tubala iri shida ne. Wanda ya san siffofin nan ya san inda kowanne zai shiga.

Mai hula. Samansa a lanƙwashe yake kamar hula, ba a iya ɗora kome a kansa. Shi ne yake fara jeri, yana kuma faɗin lokacin da aiki zai tashi, misali sa'ad da aka danna koriyar tuta.

Na jeri. Yana da gurbi a sama da haƙori a ƙasa. Irinsa ne suka fi yawa: yi taku, juya, faɗi magana, jira.

Mai buɗaɗɗen baki. Yana kama da harafin C. Ana sa waɗansu tubala a cikin bakinsa, shi kuwa ya maimaita su, ko ya yi su in wani sharaɗi ya cika.

Mai kama da ƙwai. Wannan ba umarni ba ne, yana ɗauke da lamba ko kalma. Ba ya hawa kan jeri. Wurinsa shi ne farin gurbi zagayayye da ke jikin wani tubali.

Mai kusurwa shida. Tambaya ce mai amsar i ko a'a, misali ko kyanwa tana taɓa bango. Yana shiga gurbi mai kusurwa shida, irin wanda ke jikin tubalin sharaɗi.

Marufi. Yana da gurbi a sama, amma ƙasansa sumul ne. Shi ne ƙarshen jeri, kamar tubalin da ke tsayar da kome.

In yaro ya ɗauki tubalin lissafi mai kama da ƙwai ya kai shi gurbi mai kusurwa shida, ba zai shiga ba. Zai zauna a gefe kawai. Kwamfuta ba ta lalace ba, ba ta kuma yi fushi ba. Tana nuna masa cewa lamba ba ta amsa tambayar i ko a'a. Abin da malami zai ɗauki lokaci yana bayyanawa, siffa ta riga ta faɗa.

Abubuwa bakwai da ke faruwa sa'ad da ake ja

Na ɗaya: rumbu ba ya ƙarewa. In aka jawo tubali daga rumbu, kwafinsa ne ya fito, na asali yana nan. Yara sukan yi tsammani sun cinye shi. A nuna musu za a iya jawo iri ɗaya sau ashirin.

Na biyu: inuwa tana nuna wurin zama. Sa'ad da tubalin da ake ja ya zo kusa da inda zai iya shiga, wata inuwa mai ruwan toka takan bayyana a wurin. In a tsakiyar jeri ne, jerin yakan buɗe ya ba da wuri. In tubali mai kama da ƙwai ne ko mai kusurwa shida, bakin gurbin ne yakan yi farin haske. Dokar da za a koya wa yara ita ce, kada a saki sai an ga inuwa. Gefen hagu na tubalin ne ake kai wa wurin, ba kibiyar linzami ba. A tsofaffin tsare-tsare, irin su 1.4 na shekarar 2009 wanda har tsohuwar kwamfuta take iya ɗauka, farin layi ne yake bayyana maimakon inuwa.

Na uku: na ƙasa yana bin na sama. In aka ja tubali daga tsakiyar jeri, dukan waɗanda ke ƙarƙashinsa za su biyo shi, na samansa kuwa su tsaya. Wannan shi ya fi rikita sababbi. Mai son cire tubali ɗaya daga tsakiya sai ya yi ja uku. Ya jawo shi gefe tare da mabiyansa, ya ɓalle mabiyan daga jikinsa, sa'an nan ya mayar da su ƙarƙashin jerin farko.

Na huɗu: mayarwa rumbu zubarwa ce. Duk abin da aka ja aka saki a kan rumbu ya tafi. Idan muka haɗa wannan da doka ta uku, za mu ga haɗarin. Yaron da ya kama tubali mai hula ya kai rumbu ya zubar da ginin gaba ɗaya. Maganinsa shi ne a danna maɓallin Ctrl tare da harafin Z, aikin zai dawo. Ana kuma iya danna maɓallin dama na linzami a kan farin fili a zaɓi warware abin da aka yi. Ya kamata kowane yaro ya san wannan tun ranar farko, domin wanda ya san akwai hanyar komawa ba ya jin tsoron gwadawa.

Na biyar: mai buɗaɗɗen baki yana iya haɗiye jeri. In aka kawo shi kan tubalan da aka riga aka jera, inuwa takan nuna zai kewaye su. A duba da kyau kafin a saki, a tabbata waɗanda ake so ne suka shiga bakin.

Na shida: kowane ɗan wasa da nasa fili. In aka ƙara, misali, hoton kaza, aka danna shi, filin zai bayyana wayam. Yara sukan ce aikinsu ya ɓace. Bai ɓace ba, yana wurin kyanwa. A danna ƙaramin hoton kyanwa, zai dawo. In kuwa aka ja jeri aka saki a kan ƙaramin hoton kazar, za ta sami kwafinsa, na kyanwa kuma ya koma wurinsa.

Na bakwai: ɗan wasa ma ana jansa. Ana iya kama kyanwa a dandali a kai ta ko'ina. Faɗin dandalin taku 480 ne, tsayinsa 360, tsakiyarsa kuma sifiri. Daga hagu zuwa dama lambar tana tashi daga -240 zuwa 240, daga ƙasa zuwa sama kuma daga -180 zuwa 180. Da zarar an saki kyanwar, lambobin da ke jikin tubalin zuwa wuri a cikin rumbu sukan sauya su nuna sabon wurinta. Don haka a fara ajiye ta inda ake so, sa'an nan a jawo tubalin. Malamin lissafi zai ga cewa darasin ma'aunin tsaye da na kwance ke nan ya zo da kansa.

Bari mu gwada: zana fili mai kusurwa huɗu

A can ƙasa ta hagu akwai maɓallin ƙara kayan aiki. A danna shi a zaɓi alƙalami, sababbin tubala za su bayyana a rumbu. Sai a jera kamar haka:

1. Mai hula na koriyar tuta.
2. Tubalin share zane.
3. Tubalin sa alƙalami ƙasa.
4. Tubalin maimaitawa. A danna lambar 10 da ke jikinsa a mai da ita 4.
5. A cikin bakinsa, tubalin taku. A mai da 10 ta zama 100.
6. A cikin bakin har yanzu, tubalin juyawa dama. A mai da 15 ta zama 90.
7. A cikin bakin kuma, tubalin jiran sakan 1, domin ido ya bi tafiyar.

A danna koriyar tuta. Kyanwa za ta zana fili mai kusurwa huɗu ta koma inda ta tashi. Yanzu a tambayi yara yadda za a zana mai kusurwa uku. Yawancinsu za su ce a juya digiri 60. A bar su su gwada, za su ga zanen bai rufe ba. Amsar ita ce maimaitawa 3 da juyi 120, domin kafin kyanwa ta koma yadda ta fuskanta da fari dole ta cika juyi 360, kuma 360 a raba gida 3 shi ne 120. Mai kusurwa shida yana bukatar maimaitawa 6 da juyi 60. In aka sa maimaitawa 36, taku 10, juyi 10, za a sami da'ira kamar harsashin ɗaki zagayayye.

Abin da tubali ba zai yi mana ba

Nan ne muke so iyaye da malamai su fi lura. Siffa tana hana kuskuren rubutu, amma ba ta hana kuskuren tunani. Tubali yana iya shiga daram, jerin kuma ya zama ba daidai ba. Magini yana iya jera tubala su zauna sarai, ya gama ya ga bai bar wurin ƙofa ba.

Ku koma kan filin da muka zana. Ku fitar da tubalin juyawa daga cikin bakin maimaitawa ku sa shi a ƙarƙashinsa. Zai shiga ba gardama. Amma yanzu kyanwa za ta miƙe sau huɗu ba juyi har ta kai bango, sa'an nan ta juya sau ɗaya. Tubalan ba su sauya ba, wurin guda ɗaya ne ya sauya. Haka kuma in aka sa tubalin sa alƙalami ƙasa a ƙarshen jeri, kyanwa za ta yi tafiyarta duka ba ta zana kome ba. Kwamfuta tana bin jeri daga sama zuwa ƙasa, ba ta kuwa tsallake ko ɗaya domin ta gane nufinmu. Manomi ya san wannan doka. Ba a yin shuka kafin sharar gona, ko da iri da fartanya duk suna hannu.

Akwai waɗansu kurakurai biyu da ake yawan gani. Na fari shi ne jerin da ba shi da hula. An danna tuta, shiru, domin ba abin da ya haɗa jerin da tutar. Na biyu shi ne tubalin da ya zauna kusa da jeri amma bai manne ba, saboda an saki kafin inuwa ta fito. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ja tubali na can sama, duk wanda bai biyo ba bai manne ba. Akwai kuma tubalin maimaitawa har abada. Ƙasansa sumul ne, ba a iya sa kome a bayansa, domin abin da ba ya ƙarewa ba shi da baya. Yaron da ya tambayi dalilin haka ya fara tunani irin na masu tsara manhaja.

Sa'ad da aiki ya ƙi, kada babba ya karɓe linzami ya gyara. A tambayi yaron abu uku. Me kake so ta yi? Me ta yi? A wane tubali ne ta bar hanya? A sa shi ya karanta jerin da ƙarfi daga sama, yana nunawa da yatsa. Sau da yawa kafin ya kai ƙasa ya gano da kansa. Wannan hali na bin matsala daki-daki shi ne ainihin ribar, zai kuwa amfane shi a gona, a kasuwa da wurin gyaran inji, ko da bai zama ma'aikacin kwamfuta ba.

In kwamfuta ɗaya ce, ko babu ko ɗaya

Ana iya fara koyo ba tare da wuta ba. A samo tsofaffin kwalaye a yanka su bisa siffofi shida da muka ambata. A rubuta umarni da Hausa a jikinsu: yi taku uku, juya dama, tafa hannu, maimaita sau huɗu. A shata dandali a ƙasa da toka. Ƙungiya ɗaya ta jera kwalayen a kan tabarma, yaro ɗaya kuma ya zama kyanwa. Dokar wasan ita ce, kyanwa ba ta yin kome sai abin da ke jere, ko da ta ga za ta yi karo da bango. Yara sukan yi dariya sosai, a nan ne kuma suke gane cewa kwamfuta tana bin abin da aka jera ne, ba abin da aka nufa ba. Ranar da suka zauna gaban kwamfutar, linzami kaɗai ya rage su koya.

Ga waɗansu shawarwari ga masu kwamfuta ɗaya:

A zaunar da yara biyu biyu. Ɗaya yana riƙe da linzami, ɗaya yana faɗin tubalin da za a jawo. Bayan minti goma su sauya. Sauran su tsara nasu jerin a takarda kafin layi ya zo kansu, domin kada a ɓata batir wajen tunani.

A rubuta sunayen masu jiran layi, a bi shi sosai. In ba a yi haka ba, manyan yara maza za su mamaye kujera, 'yan mata da ƙanana su zama 'yan kallo. A sa lokacin koyo a sa'ar da 'yan mata ba su tafi ɗiban ruwa ko dafa abinci ba.

A riƙa adana aiki. Irin da ke aiki ba intanet ba ta adanawa da kanta. In wuta ta ɗauke ko batir ya ƙare, abin da ba a adana ba ya tafi, maɓallin Ctrl da Z kuma ba zai dawo da shi ba. A shiga jerin fayil da ke sama a zaɓi adanawa a kwamfuta. Kowane yaro ya sa sunansa a fayil nasa, a kuma riƙa kwafe su a filash a ƙarshen mako.

A wanke hannu kafin a taɓa, a rufe kwamfuta da zane bayan an gama, musamman da hunturu sa'ad da ƙura ta yi yawa. Jan tubala ba ya lalata kwamfuta. Ƙura, ruwa da wutar janareta marar daidaito ne suke lalata ta.

A bar yara su yi abin da ya shafi rayuwarsu. Suna iya zana akuya ko rijiya da kansu, su ɗauki muryarsu da harshensu in kwamfutar tana da makirfo, su shirya tatsuniya, ko ɗan wasan da ke koya wa ƙannensu wanke hannu da ƙidaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba tun yanzu cewa shi ne mai ba na'ura umarni ba zai tsaya a kallo kawai ba sa'ad da ya girma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Akwai kwamfuta a makarantarmu ko a ƙauyenmu? Wa yake riƙe da mabuɗin ɗakin da take, sau nawa kuma yara suka taɓa ta a wannan zango?
2. Wane saurayi ko budurwa a cikinmu zai iya koyon abin da ke cikin wannan bayani, ya kuma ba da awa biyu a mako domin ƙanana?
3. Me zai iya hana 'yan mata zuwa, ta yaya kuma za mu kawar da shi?
4. Ku zaɓi wani aiki da kowa ya sani, kamar dama kunu ko haɗa ruwan gishiri da sukari. Ku rubuta kowane mataki a kan kwali dabam, ku jera. Me zai faru in aka sauya wurin kwali ɗaya?
5. In babu kwamfuta tukuna, wace rana za mu fara da kwalaye da tabarma?